Shekarar da Na Goya Inna

A bikin sunan da aka yi bara a gidan Baba Sanda, ƙanen babana, ina bayan rumfa ina wanke hannu na ji wata jikarsa tana ba autarku labarina. Wai shekarar babban ruwa na ɗaure uwata da igiya kamar kwandon kifi, na fitar da ita daga gida tana tsakiyar takaba, ita kuma ta yi mini baki. Autarku ba ta tambaye ni komai ba, amma na ga irin kallon da ta riƙa yi mini har muka iso gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku abin da ya faru tun ina da ido. Babu igiya a ciki, babu baki. Sauran kuwa gaskiya ne, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Sai kun fara sanin abin da ke tsakanina da Inna. Ni ce 'yar farinta, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta tarar ana yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, a gidan da katanga ɗaya ta raba shi da namu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana so a ba ni tuwo, sai ta ce a kai wa ɗiyar Gwaggo. In na shigo tsakar gida tana tankaɗe, nan take sai ta ga wani abu a cikin rariya wanda ya fi ni ban sha'awa. Da na girma, duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin Zinatu take bi, ƙanwata, autar Inna, wadda ita har kan cinyarta take kwanciya. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Gwaggo ta gaya mini ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ina yarinya, Inna ta yini a gindin katanga tana tsinkar zogalen da ba ta da miyarsa, don kawai ta riƙa jin tarina. Na san tana sona. Amma na girma, na yi aure, na haife ku, ban san yadda sunana yake fita daga bakinta ba.

Unguwarmu a bakin gulbi take, a bayan dig, wato doguwar ganuwar ƙasar nan da aka jibga tsakaninmu da ruwa. Ni ƙyafar kifi nake yi lokacin, ina sayar wa masu ƙetare gada zuwa Malanbil. Bayan wata damina da ruwa ya cinye shinkafar fadama, mutanen wata ƙungiya suka zo biro, wato ofishin magajin gari, suka ce kowace unguwa ta ba da namiji da mace a koya musu yadda ake shirin ambaliya. Mata suka tura ni, wai bakina ba ya mutuwa kuma na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko. Wanda ya koyar da mu Mushe Hamani ne, wato Malam Hamani a bakin masu Faransanci, wani dogon Bazabarme mai haƙurin tsiya, wanda in ya juya Hausa sai ka ji tausayinta. Shi ne ya sa aka kafa sanda a bakin ruwa aka shafa mata fenti kala uku. Kore a ƙasa, kowa ya yi harkarsa. Ruwan ɗorawa a tsakiya, a ɗaure kaya: takardu a cikin leda, magani, ashana, garin kunu. Ja a sama, a tashi a hau tudun lakwal, ko da rana tana ƙwallewa, domin ruwan da zai ci mu ba a kanmu ake zuba shi ba, daga can saman gulbi yake gangarowa. Ya koya mana yadda ake zura sanduna biyu a buhu a ɗauki wanda ba ya iya tafiya. Ranar gwaji wani ƙaton mahauci ya ce shi ne majinyaci, buhu ya yage da shi, unguwa ta yi ta dariya har magariba. Aka ba ni lasifika da wata riga mai ƙyalli, daga ranar yara suka sa mini Madam Ambaliya. Mun yi maganar tsoho da makaho, mai ciki da mai jego, awaki, har kaji. Ba wanda ya tuna da mai takaba, har ni.

A farkon daminar da ta biyo baya babanmu ya rasu. Bai yi doguwar jinya ba. Inna ta wanke kwalli, ta cire 'yan kunne, ta shimfiɗa tabarma a ɗakinsa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Zinatu ta baro gidan mijinta da tsohon ciki ta dawo tana yi mata hidima. Ni kuma kullum da safe in kawo kunu, in durƙusa a bakin ƙofa in yi gaisuwa, Zinatu ta amsa a madadinta.

Takaba ba ta yi rabi ba jan ruwa ya fara zuwa. Kun san shi, ruwan damina mai kalar jar ƙasa, mai ɗauko ciyawa da kututture. Kowace safiya kafin in hura wuta sai na je na duba sanda, kowace safiya kore ya ragu. Ranar da ruwa ya kama ruwan ɗorawa na sa rigata na bi gida gida. Mutane suka saurare ni, ba su yi musu ba, wasu har suka nuna mini ledar takardunsu. Amma a kusan kowane gida, in na juya zan fita, sai wata ta jefo tambaya ɗaya: Inna fa, ta ɗaure nata? A nan na gane inda aka sa ni. Gidanmu shi ne tsohon gida a unguwar, babanmu shi ake tambaya kafin a dasa shinkafa. In matarsa tana zaune, ba wanda zai ɗauki maganar 'yarsa mai lasifika. Kuma Baba Sanda yana zaune a zaurenmu yana ƙara musu ƙarfi. Ba mugun mutum ba ne, tsoro gare shi irin nasa. Ya ji an ce in mutane suka tashi hukuma ba ta barin su dawo. Da na durƙusa na yi masa bayani, bai ko ajiye komar da yake ɗinki ba.

"Ruwan ga na san shi tun ba a haihe ki ba," in ji shi. "Bai taɓa wuce giginyar bakin dig ba. Ku tashi, gobe a kai ku bayan dutse inda ko kwaɗo babu. Matar wana kuwa ba ta taka ƙohwar gida sai kwananta sun cika."

Na tafi wajen liman. Ya ce abin a fili yake: mai takaba in ta ji tsoron halaka tana tashi, ta ƙarasa kwanakinta a inda ta sauka, ba abin da ya ɓaci. Na dawo da murnata na gaya wa Zinatu, ta shiga ta isar. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina jin kowace kalma, amma sai da aka bi hanyar da aka saba.

"Ki ce ma ɗiyar Gwaggo na jiya," in ji Inna. "Malam ya yi gaskiya. Amma mutumin ga ya riƙe ni tun ina yarinya, bai taɓa ce mini in tahi gidanmu ba ko sau guda. Wata huɗu ne zan kasa zama mishi?"

Da ta ce liman ya yi kuskure, da na san abin da zan ce. Da ta ce ruwa ba zai zo ba, da na kwatanta mata sanda. Amma ba ta faɗi ko ɗaya ba. Na koma gida raina a jagule, na ɗaure kayanku, na aika ku tudu wajen Gwaggo wadda ta riga ta koma can wurin ɗanta. Babanku da ƙanena, namiji ɗaya tilo da Inna ta haifa, suna hanyar Kwatano da kamiyo, babbar motar kaya, salularsu ba ta shiga.

Ranar da abin ya faru gari ya waye tas, ko gajimare babu. Da hantsi na je bakin ruwa na tarar ja ya jiƙe. Ban tsaya a nan ba, na bi gindin dig ta ɓangarenmu kamar yadda aka koya mana, sai na ga wuri guda ƙasa ta yi laushi, jan ruwa yana ɓuɓɓugowa a hankali daga cikinta. Alamar dig zai ɓalle ke nan. Na kira Mushe Hamani, ya ce amalanke suna tafe, amma kada in jira su, kada kuma in jira in ga ruwa da idona a cikin lungu, in fitar da mutane yanzu. Na ɗaga lasifika na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Mutane suka fito. Mata da ƙunshi a ka, yara riƙe da igiyar awaki, tsofaffi da buta. Suka cika lungu, sannan suka tsaya. Ba wanda ya ce ba zai tafi ba, ba kuma wanda ya ɗaga ƙafa. Duk idonsu yana kan zaurenmu, inda Baba Sanda yake zaune da rediyonsa a cinya.

Samari biyu daga cikin waɗanda muka yi gwaji da su suka biyo ni da buhu da sanduna. A bakin zaure suka ja birki. Ba muharramanta ba ne, ba za su shiga kan mai takaba ba, balle su taɓa ta, kuma ban ga laifinsu ba. Na shiga ni kaɗai. Zinatu tana zaune a ƙofar ɗakin da cikinta a gaba, idonta ya yi ja, ta ce ita ba inda za ta in Inna ba ta tashi ba. Ke nan rai uku ne a gidan, ga na lungu suna jira.

Tun da aka yaye ni ban taɓa shiga ɗakin da Inna take ciki ba. Ranar na ɗaga labule na shiga. Ɗakin da duhu, ragar babanmu tana rataye inda ya bar ta, takalmansa suna bayan ƙofa. Inna tana kan tabarma da tasbaha, lulluɓe da wani koɗaɗɗen zane, ta rame har ta koma kamar yarinya. Na durƙusa a gabanta na ce mata ruwa ya zo. Ban taɓa yi mata magana kai tsaye haka ba, har muryata ta yi mini baƙunta. Ta juya fuska wajen bango ta ce Zinatu ta gaya mini in fita.

A lokacin dig ya ɓalle. Ba ƙara mai yawa ya yi ba, wani gurnani ne daga nesa, sai kukan awaki, sai muryoyin mata a lungu. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ina roƙonta ba. Abin da na sani, na ga ruwa ya shigo ta ƙarƙashin labule, siriri, yana tura ɓawon gyaɗa a gabansa, har ya taɓa bakin tabarma. Inna ta dube shi. Ta sa hannu ta naɗe gefen tabarmar, ta janye ƙafafunta, ta ci gaba da jan tasbaha. Wannan naɗe tabarmar shi ya yanke mini shawara, domin na ga ta riga ta zaɓi inda za ta mutu.

Na kwance zanen da ke kafaɗata, na juya mata baya, na kamo hannuwanta biyu na jawo ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na yafa zanen na ɗaure a ƙirji yadda na goya kowannenku, na ce Zinatu ta ƙara mini da ɗankwalinta a ƙugu. Zinatu tana kuka ta ɗaure. To ga igiyar da ake ba ku labari. Inna ta riƙa tura bayana da gwiwar hannu, tana bugun kafaɗata da tasbaha, amma ba ta ce uffan ba har muka ratsa tsakar gida, ruwa yana wanke mini idon sawu. Sai da na kai bakin zaure, ƙafa ɗaya ta rage in fita, na ji bakinta dab da kunnena.

"Salamatu. Sauke ni."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Na dafa bango. Na haura shekara arba'in ina son in ji wannan sunan a wannan bakin. Ina yarinya nakan kwanta a ɗakin Gwaggo in yi ta ƙaga yadda zai kasance, ko ranar aurena, ko ranar da na haihu. Ga shi ya zo, kuma abin da ya zo da shi umarni ne.

"Salamatu, ni na haihe ki. Sauke ni cikin gidan mijina."

Na tsaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, hannuna ya kai kan ƙullin zanen. Duk abin da aka koya mini tun ina ƙarama yana cewa in kwance. Amma Zinatu tana bayana tana nishi, kuma ta ƙofar zaure ina hango ƙafafun mutane a cikin ruwa, har da na yara. Na ce, Inna ki yi haƙuri. Na ja mayafinta na rufe mata kai da fuska don kada maza su gan ta, na taka waje.

Baba Sanda ya miƙe tsaye. Ya dube ni, ya dubi abin da ke bayana.

"Kin karya mata takaba," in ji shi. "Ki sani, a wuyanki yake."

Na ci gaba da tafiya. Mazan da ke lungu suka kawar da kai, suka buɗe mini hanya. Na wuce ta tsakiyarsu. Ban waiwaya ba, amma na ji lokacin da lungun ya motsa, ƙarar ƙafafu da yawa a cikin ruwa, wata tana kiran ɗanta, wani yana jan akuya. Samarin nan suka ɗora Zinatu a buhunsu, wannan karon bai yage ba. A kwarin da ke wajen murhunan ƙyafar kifinmu ruwa ya kai mini gwiwa, sannan cinya, yana ja da ƙarfi ta gefe, itacen da na tara na wata guda yana wucewa ta gabana. A nan santsi ya kwashe ni, na tafi zan faɗi. Hannuwan Inna da suke ta tura ni tun daga ɗaki suka zagayo wuyana suka riƙe gam. Na ji bugun zuciyarta a bayana. Haka ta riƙe ni har muka hau tudu.

A lakwal na nemi kusurwar aji, mata suka ɗaura zannuwa suka yi mata labule a ƙarƙashin allo, na sauke ta a ciki. Ta juya fuska wajen bango. Kafin la'asar muna tsaye a kan tudu muna kallon gidajenmu suna zaunawa ɗaya bayan ɗaya, don ginin ƙasa in ya sha ruwa ba faɗuwa yake ba, zaunawa yake. Ɗakin babanmu yana cikin na farko. Baba Sanda masunta suka ɗauko shi a jirgi daga kan katangar masallaci, rediyonsa a ka. Mun yi asarar shinkafa da awaki da duk abin da ba a iya ɗauka, amma a unguwarmu ba mu binne kowa ba. Zinatu ta haihu a ajin da ke kusa, ɗan da kuke kira Ɗan Lakwal har yau.

Inna ta ƙarasa takabarta a bayan labulen nan. Liman ya zo da kansa ya faɗa a gaban jama'a cewa takabarta tana nan daram. Ta yi masa godiya. Amma kunun da na kai mata washegari ya dawo yadda na kai shi, haka na jibi. Daga shekarar har ta koma ga Allah, Inna ba ta sake cin abin da ya fito daga tukunyata ba, ba ta kuma taka gidana ba ko ranar aurenku. Baba Sanda ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata, kuma daga gidansa labarin igiya ya fito. Mutanen unguwa sun yi ta sa mini albarka, Mushe Hamani ya riƙa kai ni wasu garuruwa har Tunuga in ba da labari, aka ƙara maganar mai takaba a cikin abin da ake koyarwa. Duk wannan bai cike mini gurbin kwanon kunu ɗaya ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Da zan koma bakin zauren nan, abin da na yi shi zan sake yi, kuma zai sake yi mini ciwo.

Maganar baki kuwa, Zinatu tana da rai, ku je ku tambaye ta. Ita ta taɓa cire kunya ta tambayi Inna ko tana riƙe da ni a zuciya.

"Ɗiyar Gwaggo ba ta yi ma Allah laihi ba," in ji Inna. "Ni ce ban cika ma mutumin ga ba. In na ga kwanonta sai in tuna."

Da ruwa ya janye aka gyara dig, hukuma ba ta hana kowa dawowa ba, Inna ta sa aka sake gina ɗakin a kan tsohon daɓensa. Bayan wasu shekaru jan ruwa ya sake kama ruwan ɗorawa. Na sa rigata, wadda ƙyallinta ya riga ya mutu, na fara bin gidaje, na bar namu a ƙarshe saboda ƙafata ba ta son zuwa. Da na iso na tarar da Inna a bakin zaure, zaune a kan ƙunshinta, leda a hannu, takalma a ƙafa, tun ja bai jiƙe ba. Ta ga na taho, ta ga wani abu a ƙasa wanda ya fi ni ban sha'awa. Sai ta ce da Zinatu ta gaya wa ɗiyar Gwaggo kada ta wahalar da bayanta, wannan karon da ƙafarta za ta tafi.

Yanzu ni ce tsohuwar da ke zaune a bayan dig, kuma na fara jin ƙafata tana nauyi duk lokacin da aka ce a tashi. Ke babba, wadda ban rubuta sunanki ko sau ɗaya a cikin littafin nan ba, kin san dalili, da ke nake. Ranar da ja ya jiƙe kika zo kika tarar na naɗe gefen tabarma, kada ki tsaya aika kowa. Ki kwance zanenki ki juya mini baya. In kika ji na kira sunanki a bakin zaure, ki ji shi da kyau, ki riƙe, sannan ki taka waje.